Idan notin taya ya kafe: kayan aikin da ya kamata mai tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ya saya

Tsofaffin Land Cruiser, Hilux da Defender suna shan laka da damina, su sha rairayi da rani, kuma notin tayarsu ne ke fara nuna wahalar. Ruwan rafi yana shiga tsakanin noti da kusa, wato ƙarfe mai zare da ake ɗaura notin a kai, tsatsa ta haɗe su. Ga kuma masu faci da ke zura dogon fayif a sifana su hau suna tsalle har zaren kusa ya miƙe. Ranar da taya ta sace a daji, sifanar da ta zo da mota ba ta iya komai.

Abin da nake ba kowa shawara ya fara saya shi ne soket mai kyau, wato ƙoƙon ƙarfe da ake kifa wa noti a murɗa shi, ba injin kwance noti ba. Hilux da Land Cruiser masu kusa shida yawanci soket lamba 21 suke ɗauka, Land Cruiser 100 mai kusa biyar lamba 22, Defender kuwa 27. Ka leƙa cikin soket ɗin kafin ka biya. Mai lungu shida yana kama gefen noti gaba ɗaya. Mai lungu goma sha biyu bakin kusurwa kawai yake riƙewa, shi ne ke mulmule noti ya mayar da ƙaramin aiki babba. Ka ɗauki baƙi mai kauri, irin wanda aka yi domin inji, ya fi mai ƙyalli jure wahala.

Sai dogon hannu na ƙarfe da ake maƙala wa soket, mai tsawon santimita 60 zuwa sama. A nan a yi hattara da lissafi. Mutum mai kilo 70 idan ya hau ƙarshen sifana mai santimita 30, ƙarfin murɗawar da ya bayar ya kai kusan Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). Idan ya ƙara fayif ya zama mita ɗaya, ya kusa Nm 700, alhali notin Hilux wajen Nm 105 aka ce a ɗaure shi. Siririyar kusa ba za ta ɗauki wannan ba, karyewa za ta yi. Don haka a danna a hankali, mota tana ƙasa cikin giya, ba a kan jak ba. Yana taimakawa a fara ɗan matsa notin ta wajen ɗauri kafin a juyo, hakan na fasa tsatsar.

Batun mai, mutane sun fi sanin man feshi na WD-40. Ainihin wanda aka saba gani an yi shi ne don korar ruwa, kamfanin yana da wani daban da aka haɗa domin ratsa tsatsa, kuma shi ya fi dacewa. Wanda bai samu ba, kalanzir ko man dizal suna aiki. Man birki da wasu makanikai ke zubawa yana cin fenti. Kowanne ka zaɓa, lokaci yake so: ka goge zaren da buroshin waya, ka fesa, ka bubbuga da guduma, ka bari ya kwana in da hali. Noti mai rufaffen kai ba ya barin mai ya shiga sosai, kada ka dogara da feshi kaɗai.

Injin kwance noti mai batir shi ne abin da kowa ke sha'awa, kuma yana da amfani na gaske. Bugu yake yi a jere maimakon ja ɗaya mai nauyi, shi ya sa bai cika karya kusa ba. Injinan kamfanonin Makita, DeWalt da Milwaukee suna da tsada, Ingco da Total sun fi sauƙin kuɗi kuma an fi samunsu a kasuwanninmu. Matsalar tana wajen marasa suna, waɗanda ake rubuta musu manyan lambobi a kwali amma su tsaya cak a gaban noti mai tsatsa. Ka nemi a gwada maka a kan mota kafin ka biya, ka tambayi kuɗin batir na biyu. Mai gareji ko mai motoci da yawa ya saya. Mai mota ɗaya zai iya jira. Akwatin giya mai ninka ƙarfi da direbobin tirela ke amfani da shi kuwa ya fi ƙarfin waɗannan motoci.

Idan noti ya riga ya mulmule, akwai soket mai haƙora a murɗe ta ciki, ana buga shi da guduma ya ciji notin, yana ƙara kamawa kana juyawa. Ƙaramin saiti ya isa, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa. Na'urar tsaga noti ba ta shiga ramin wilin alminiyam, sai dai na ƙarfe. Mai walda zai iya liƙa sabon noti a kan tsohon, amma a cire kan batir tukuna.

Wuta ita ce dabarar ƙarshe. Zafi yana kumbura noti ya saki, amma yana narkar da giris ɗin boris, yana lalata wilin alminiyam, kuma taya mai iska tana iya fashewa ko bayan an ɗauke wutar. A sace iskar gaba ɗaya a cire bawul, noti kaɗai a gasa. Kusar da ta sha wuta ta rasa ƙarfinta, ita da notin duk a zubar.

Wannan ya kawo mu ga abin da aka fi mantawa, wato kusoshi da noti na ajiya. Ba su da tsada, kuma su ne ke mayar da kai gida. Na Hilux M12 ne (lambar kaurin kusa ce a milimita), na Land Cruiser 100 M14, na Defender M16. Ka tafi da tsohuwar kusar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a gwada tsayi da kaurin gindinta mai tsaga-tsaga, domin idan gindin bai cika ramin ba za ta riƙa juyawa tare da noti. Ka duba mazaunin noti ma: na wilin ƙarfe mai tsini ne, na wilin alminiyam na Toyota mai washa ne (faifan ƙarfe mai huda) a shimfiɗe, ba a musanya su. Karyayyar kusa da guduma ake korar ta baya, sabuwa a jawo ta da noti da wasoshi. A tayoyin gaba na wasu motocin sai an kwance hob, wato ƙarfen da kusoshin ke jiki, kafin ta fita, wannan aikin makanike ne. Masu Canter da Dyna su lura, a wasunsu kusoshin ɓangaren hagu zarensu a juye yake, da alamar L a kai.

Idan kuɗi ya rage, sifana mai auna ɗauri ta fi injin batir muhimmanci, ita ke hana matsalar dawowa. A goge zare ya bushe, a fara ɗaura noti da hannu, a bi su a gicciye, a tsaya a adadin da littafin motar ya faɗa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.