Gargaɗi kan masu tallar "maganin ƙara garkuwar jiki" na taifot da sanyi

Jama'a, a yi hattara da masu sayar da ruwan sassaƙe a robobi a tashoshin mota da kasuwanni, da kuma a WhatsApp da TikTok, suna cewa kwalba ɗaya za ta tayar da garkuwar jiki ta kashe ƙwayoyin taifot, ciwon sanyi na al'aura, olsa har da tarin fuka.

Yawanci da "gwaji" suke farawa. A ba ka wani ɗan ƙarfe ka riƙe, an haɗa shi da kwamfuta, cikin minti ɗaya a fito maka da jerin cututtuka. Wannan na'ura ba ta ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Taifot sai an ɗebi jini an rena ƙwayar a ɗakin gwaji na wasu kwanaki, ko gwajin Widal, wato gwajin jini na gaggawa da aka saba yi don taifot, shi kaɗai ba hujja ba ne. Tarin fuka kuwa majina ake aunawa.

Gaskiya ne tafarnuwa, darbejiya, zogale da habbatus sauda suna da sinadarai masu aiki, kuma da wannan ne masu tallar suke fakewa. Amma sinadarin tafarnuwa da ke kashe ƙwayoyin cuta a faranti cikin ɗakin bincike yana lalacewa da zafi da kuma ajiya, balle a robar da ta yi mako tana shan rana a bayan mota. Abin da ya yi aiki a faranti ba lallai ya kai wannan ƙarfi a jinin mutum ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haɗin da wasunsu ke yi. Sukan niƙa farasitamol da dexamethasone, irin wanda ake zubawa a sha-ka-fashe, su juye a ciki. Zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya buɗe, mara lafiya ya ce an dace. Alhali dexamethasone danne garkuwar jiki yake yi, ƙwayar cutar tana nan tana ƙaruwa. A taifot, wajen mako na 3 ne hanji kan huje, sai tiyata. Sanyin da ba a kashe ba yakan toshe wa mace hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa. Wasu kuma kafso na kashe ƙwayoyin cuta suke buɗewa su zuba kaɗan, wanda bai isa ya kashe ba, sai dai ya koya wa ƙwayar jure magani.

Masu tallar za su nuna maka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Duba ƙarshenta: idan harafin L ne, rajistar wucin gadi ce ta shekara 2, an duba cewa ba ya cutarwa ne, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Wasu ma lambar kwafowa suke yi, don haka a bincika ta a Greenbook, wato kundin magungunan da hukumar ta yi wa rajista, a intanet.

Wanda zazzaɓi ya wuce masa kwana 3, ko tari ya kai mako 2, asibiti zai nufa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi. Wanda kuma ya yi makonni yana shan irin wannan haɗi mai dexamethasone har fuska ta kumbura, kada ya yanke shi rana ɗaya, domin jini na iya faɗuwa. Ya ɗauki robar ya kai wa likita a rage masa a hankali, a kuma auna masa suga.