Masu zuwa Indiya a kula: rupi dubu 85 na bayar a kan takobin ado

Jama'a kwana huɗu ina riƙe da maganar nan a ciki saboda kunya, amma yau sai na amayar da ita. Rupi dubu 85. Da hannuna na ƙirga na miƙa wa wani mai shagon kayan tarihi a Jaipur, wai takobin zamanin sarki Aurangzeb ne, mutumin da ya rasu tun 1707, ashe ko autana ya girmi takobin nan.

Kuma kar wani ya zo yana ce min ganganci na yi. Ni ba baƙon takobi ba ne, gidanmu gidan doki ne, tun ina ɗan yaro nake goge takubban hawan sallah. Yayana na kai jinya Delhi, da jiki ya yi sauƙi direban da ke kai mu asibiti ya ce in zo ya kai ni in ga garin Jaipur, shi ya sauke ni a ƙofar shagon, sai yanzu na gane kamasho yake karɓa.

A bakin shagon ga takubba nan reras masu jan kube na karan-miski da kan zaki na tagulla, ina kai hannu sai mutumin ya riƙe ni ya ce a'a Alhaji, waɗannan na 'yan yawon buɗe ido ne, ba na irinka ba. Ba na irinka ba. Wallahi kalmar nan ita ta ci ni, har yau in na kwanta sai na ji ta. Ya ja ni ɗakin ciki, ya sa aka kawo shayi, ya warware wani tsohon tsumma a hankali kamar mai buɗe jariri. Talwar ce, wato irin takobin Indiya mai lanƙwasa, da faifai a ƙarshen mariƙin, ga tsatsa-tsatsa, ga zane kamar igiyar ruwa a jikin ƙarfen wanda ya ce shi ne wutz, wato shahararren ƙarfen takubban Indiya na dā, ga adon zinare da suke kira koftgari. Ya nuna min a waya yadda aka sayar da takobin Tipu Sultan, wani tsohon sarki a Indiya, fam miliyan 14 a Landan a 2023, kuma wannan gaskiya ne, na duba a gabansa. To wa zai ji haka bai yarda ba? Dubu 150 ya fara sawa, na yi ta ciniki har 85, na fito ina jin na cuce shi. Ni!

Wani tsohon maƙeri da ke mana gyaran linzami na kai wa don kawai a sa min hamila. Ko minti biyu bai yi da shi a hannu ba ya murza kan mariƙin, sai ga noti ya kwance. Noti fa. A ciki wani siririn rodi ne aka yi wa walda. Ya ce ɗana wannan ko rake ka sara rabuwa zai yi. Na ce Baba duba zanen ƙarfen dai, ya ɗan goga yashi a gefe, zanen ya tafi, asid aka zuba. Zinaren kuwa fenti ne, da farce ya kankare shi. Daga baya na bincika, talwar ta asali da wani ƙaro ake kafe ruwanta a cikin mariƙi, koftgari kuma sai an karce ƙarfen da ƙananan layuka sannan a danna zaren zinare a kai.

Af, na manta rasit ɗin, shi ma tun a shagon ne. Ya rubuta kayan sana'ar hannu, na tambaye shi ya ce ai don kwastan ne Alhaji, kar su tsare ka. Na ma yi masa godiya. Ashe dokar Indiya ta 1972 ta hana mutum fita da kayan tarihin da ya kai shekara 100, wato da na gaske ne da ban isa in fito da shi haka ba, rasit ɗin kaɗai ne ya faɗa min gaskiya a shagon nan. Dubu 85 ga godiya a kai.

Na tura masa bidiyon notin a WhatsApp, ya buɗe, ya yi bulokin ɗina. Direban ma layinsa ba ya shiga. Hotunan hirarmu da rasit da bidiyon duk suna nan, zan ɗora anjima in na rufe lambobin.

Ku dai in kun ga noti ko walda ko ƙarfe mai ƙyalli kamar cokali ku ajiye, kuma kar ku bi direba shago.

Yayana har yanzu bai sani ba, shekaranjiya ma cewa yake in kawo masa takobin sarkin ya gani.