Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa da Hantsi ko Bayan Azahar: Amsa ga Hajiya Mai Tafiya Barselona

Hajiya, kin ce ke da maigida da yaranku biyu da mahaifiyarsa za ku tashi daga Abuja a dogon hutun makaranta, ku hau jirgin ruwan shaƙatawa a Barselona ta ƙasar Sifaniya domin zagayen kwana bakwai a Bahar Rum. Da kika zo cike bayananku a manhajar kamfanin, an ba ki zaɓin lokacin isa tasha, ko dai ƙarfe 11 na safe ko 2:30 na rana, jirgin kuma zai tashi ƙarfe 6 na yamma, shi ne kike tambaya wanne ya fi. Kin ƙara da cewa wakilin tafiyarku ya samo muku jirgin sama mai sauka Barselona da safiyar ranar, domin ku huta da biyan otal.

Wannan na ƙarshen zan fara taɓawa, saboda a nan haɗarin yake. Babu jirgin sama da ke tashi kai tsaye daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa Barselona, dole sai an sauya a Istanbul ko Faris ko Frankfurt ko wani birnin, kuma wanda ya bi ta Faris ko Frankfurt a can zai bi layin jami'an shige da fice na yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kafin ya kama jirgi na biyu. Jinkirin awa biyu a Abuja ya isa ya sa ku rasa wannan jirgi na biyu, ko kuma ku samu shiga amma akwatunanku su kwana a hanya. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara, hasali ma akan rufe karɓar fasinja awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi kafin a kwance igiya, kuma wanda aka bari da kuɗinsa zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba, wato idan kamfanin ya yarda ya ɗauke shi a can. Ku sauka Barselona ana gobe tafiya, ku kwana, Hajiya Babba, mahaifiyar maigida, ta miƙe ƙafa. Duk abin da zan faɗa daga nan na ɗora shi ne a kan cewa haka za ku yi.

Abin da ya raba lokutan biyu shi ne aikin da ke gudana a cikin jirgin a wannan rana. Jirgin yakan iso tasha da asuba ɗauke da mutanen makon da ya wuce, su kan gama sauka wajen ƙarfe 10, daga nan ma'aikata su duƙufa gyaran ɗakuna, ana kuma loda abinci da kayan sababbin fasinjoji. Saboda haka mai zuwa ƙarfe 11 yana shiga jirgin da ba a gama kimtsawa ba, mai zuwa 2:30 kuwa yana tarar da komai a shirye amma yininsa ya riga ya yi nisa.

Ta fuskar layi, na rana ya fi sauƙi. Yawancin mutane ɗoki ne ke kawo su da wuri, don haka tsakanin 11 da 12:30 ne ake cika a tashoshin Moll Adossat, inda manyan jiragen ke tsayawa, a wurin binciken jaka da wurin duba fasfo da biza da ɗaukar hoto. Bayan ƙarfe 2 mutum kan wuce waɗannan duka cikin ɗan lokaci. Sai dai girman cunkoson ya danganta da kamfanin. MSC da Costa suna ɗibar fasinja a tashoshi da yawa na zagayen, a Barselona da Marsey da Jenowa da sauransu, don haka wani kaso ne kawai ke hawa a rana ɗaya, amma manyan jiragen Royal Caribbean da ke fara zagaye daga Barselona sukan sauke mutum fiye da 5,000 su ɗauki kwatankwacin haka a yini guda. Ko ma wanne ne naku, ki nemi a rubuta wa Hajiya Babba taimakon keken turawa tun daga gida, domin tafiyar da ke tsakanin ƙofar tasha da gadar shiga jirgi tana da tsawo da hawa, kuma masu wannan taimakon ba a barin su tsaye a dogon layi.

Ta fuskar ɗaki ma na rana ne a gaba. Ba a cika buɗe ɗakuna ba sai wajen ƙarfe 1 zuwa 2, wanda ke nufin idan kun shiga da hantsi za ku yi awa biyu kuna yawo da jakunkunan hannu, ba wurin kishingiɗa sai kujerun zaure da na gidan abinci. Amma a tuna cewa otal ma yakan karɓi mukullinsa tsakanin 11 da 12, don haka wanda ya zaɓi 2:30 zaman jira ne zai yi a zauren otal ko a titi da yara da tsohuwa cikin zafin watan Yuli ko Agusta. Idan dai jiran ne ba makawa, gara a yi shi inda akwai sanyi da banɗaki da abincin da aka riga aka biya.

A nan ne lokacin safe ya fara rinjaye, kuma a ganina wannan ne ya fi kowane dalili nauyi ga iyali irin namu. Akwai abubuwan da ake daidaitawa a yinin farko kawai, kafin jama'a su farga. Na farko shi ne abinci. Ko da kin rubuta buƙatar abincin halal lokacin sayen tikiti, wanda ya kamata ki yi makonni kafin tafiya, sai kin je da kanki wurin shugaban babban ɗakin cin abinci kin tabbatar saƙon ya iso, kin kuma bayyana masa cewa ba naman alade kaɗai kuke gudu ba, har da giyar da ake zubawa a miya da kayan zaƙi. Idan babu naman halal a jirgin, kifi da ƙwai da ganye da shinkafa da taliya suna da yawa, ba za ku zauna da yunwa ba. A wurinsa kuma ake sauya lokacin cin abincin dare, domin jirage da yawa suna raba mutane gida biyu, wasu wajen ƙarfe 6 zuwa 6:30, wasu kusan ƙarfe 9, kuma iyali masu yara duk na farkon suke nema. Wanda ya isa ƙarfe 12 yana samun tebur, wanda ya isa 3:30 sai dai a rubuta sunansa cikin masu jira. Haka rajistar yara a sashen wasanninsu take, haka ajiye kujerar kallon wasannin dare a jiragen da ke buƙatar hakan. Mai shiga 2:30 yana da kusan awa biyu ya yi waɗannan duka, ya nemi ɗakinsa, ya ci abinci, ya kuma halarci atisayen ceton rai, a cikin jirgi mai hawa goma sha wani abu wanda bai san gabansa da bayansa ba, ga lifta a cike da masu kaya.

Batun salla ba zai dame ku a lokacin safe ba kamar yadda za ki yi zato. Agogon Sifaniya a bazara yana gaban na Najeriya da awa ɗaya, yana kuma gaban rana sosai, ta yadda azahar a Barselona ba ta shiga sai kusan ƙarfe 2, magariba kuwa a Yuli sai bayan ƙarfe 9 na dare. Kafin azahar ta yi an buɗe ɗakinku, ku yi alwala ku yi salla a natse. Alƙibla daga can tana gabas ne da ɗan karkata zuwa kudu, kuma muddin jirgi na ɗaure a tasha ba ta sauyawa. Bayan an tashi, talabijin ɗin ɗaki yakan nuna inda jirgin ya fuskanta, da shi ake gyara tsayuwa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuma maigida ya tambayi malaminsa kafin ku bar Abuja.

Atisayen ceton rai wajibi ne a kan kowa, ko da wane lokaci ya shiga. A da doka ta ba jirage awa 24 bayan ɗaukar fasinja su yi shi. Abin da ya jawo sauya wannan shi ne daren 13 ga Janairun 2012, lokacin da jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya 'yan awanni bayan barinsa tashar Civitavecchia, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka hau a wannan yammacin ba a kai ga nuna musu wurin taruwarsu ba. Daga 1 ga Janairun 2015 dokar ƙasa da ƙasa ta kare rayuka a teku ta wajabta yin atisayen kafin tashi ko nan take bayan an tashi. Tun bayan annobar korona kamfanoni da yawa sun sauƙaƙa shi: mutum ya kalli bidiyo a waya ko talabijin ɗin ɗaki, sannan ya taka zuwa wurin taruwar da aka rubuta a katinsa a tantance shi. Mai shiga da wuri yana gama wannan ba turmutsutsu, yana da sararin zaunar da Hajiya Babba ya fassara mata da Hausa yadda ake sa rigar ceto, ya kuma gaya mata cewa ƙarar jiniya gajera sau bakwai da doguwa ɗaya ita ce alamar gaggawa, don kada ta firgita idan aka gwada ta.

Manyan akwatuna a ƙofar tasha ake miƙa su ga 'yan dako da takardar lambar ɗaki a maƙale, kamar yadda alhazai ke rabuwa da babbar jaka su riƙe ƙarama, kuma ba za ku sake ganinsu ba sai la'asar ko ma bayan magariba. Wanda ya miƙa da wuri ya fi samun nasa da wuri. Fasfo da maganin hawan jini ko na suga na Hajiya Babba da sallaya da hijabi da cajar waya da kayan sauyawar yara duk su zauna a jakar hannu. Abin da na san yakan ba matanmu mamaki shi ne ana saka kowace jaka a na'urar bincike, kuma duk abin da ke iya tayar da gobara ana riƙe shi har ƙarshen tafiya: dutsen guga, butar lantarki, kyandir, da kaskon turaren wuta da gawayinsa. Ki ɗauki humra da turaren fesawa, ki bar kasko a gida. Kilishi da dambun nama ma ki haƙura da su, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga ƙasashen da ke wajenta.

A wurin kuɗi da waya babu bambanci tsakanin lokutan, sai tsawon layi. Katin da za a ba kowannenku shi ne mukullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi kuma ake sayen komai, don haka sai an haɗa shi da katin banki ko an ajiye tsabar kuɗi. Katin naira yakan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, ki tafi da na dala ko da Yuro a hannu, ki kuma hana katin yara sayayya. Da zarar jirgi ya yi nisa da gaɓa ku kashe layukan waya, saboda wayar takan kama sadarwar tauraron ɗan'adam ta jirgi mai tsadar gaske ba tare da mai ita ya sani ba.

Idan da ke da maigida ne kaɗai, kun saba da jirgin, kuma ba ku da buƙatar abinci ta musamman, da na ce ku yi yawon Barselona da safe ku zo 2:30 ku wuce ɗaki kai tsaye. Amma da yara biyu da dattijuwa, a tafiyarku ta farko, ki ɗauki ƙarfe 11. Ku bar otal wajen 10:15, ku nemi babbar tasi ko ƙanana biyu tunda ku biyar ne da kaya, ku nuna wa direba harafin tasharku da ke kan takardar shiga. Kafin nan ki sake duba jerin garuruwan da jirgin zai tsaya, domin idan akwai Tunis a ciki kun fita daga yankin Schengen ke nan, kuma sai da biza mai izinin shiga fiye da sau ɗaya za a bar ku ku hau.