Rishon Trangia da Baƙin Tukunya: Wane Sifirit Ya Dace da Shi?

Rishon sifirit na kamfanin Trangia, wanda aka kafa a ƙasar Suwidin a shekarar 1925, ɗan kasko ne na tagulla da bai wuce tafin hannu ba, nauyinsa kimanin giram 110, kuma ba shi da famfo ko bututun da zai lalace a hanya, shi ya sa masu kwanan daji suka daɗe suna riƙe da shi. Ƙorafin da aka fi yi a kansa shi ne yana baƙanta gindin tukunya, baƙin kuma ya bi hannu ya shafi duk abin da ke cikin jaka. A ganina laifin rishon kaɗan ne a nan, domin yawancin matsalar tana ga abin da aka zuba masa.

Sifirit iri uku ne ake samu a kasuwa, kuma ba ɗaya suke ci da wuta ba. Mitanol, mai ƙwayar kabon (sinadarin da ke zama baƙin tukunya) ɗaya a ginin sinadarinsa, shi ne mafi tsabtar wuta, kusan ba ya barin baƙi, amma zafin da yake bayarwa bai kai na itanol ba, ga shi guba ne mai makantarwa wanda yake shiga jiki ko ta fata, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Aisofurofil, mai kabon uku, ya fi sauran zafi a lissafi, sai dai a cikin wannan risho wutarsa rawaya ce mai tsawo, kuma kafin ruwa ya tafasa gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin. Wanda ake sayarwa domin goge rauni, mai kashi 70 cikin ɗari, ya fi muni, tunda ragowar kashi 30 ɗin ruwa ne. Itanol yana tsakiya da kabon biyu, kuma shi aka yi rishon dominsa. Ana garwaya shi da sinadaran da ke hana a sha, a Birtaniya har rina shi ake yi da launin shunayya, kuma waɗannan ƙare-ƙaren ne suke sa wata kwalba ta fi wata hayaƙi. Saboda haka karanta takardar jikin kwalba ya fi dogaro da sunan da aka rubuta a gabanta.

Ko da itanol mai kyau, da zarar kaskon ya yi zafi sosai, tururin sifirit yana fita ta ƙananan hujojin bakinsa fiye da yadda iska za ta iya ƙone shi, sai ka ga kan harsunan wutar da suka fara da shuɗi sun koma rawaya, kuma wannan rawayar ita ce ƙwayoyin kabon da za su manne a tukunya. A nan ne sirkawa da ruwa take da amfani. Ruwan yana rage saurin tashin tururin, yana kuma ɗan sanyaya wutar, don haka abin da ya fito yakan ƙone gaba ɗaya. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne kimanin kashi 10 cikin ɗari, wato mililita 10 na ruwa a kan 90 na sifirit. Idan aka yi haka, yatsan da aka goga a gindin tukunya yakan fito da ɗan toka-toka kawai, maimakon baƙin da sai an sa sabulu.

Sirkawar tana da nata farashin. Tafasa takan ɗan ƙara jinkiri, wanda ban ɗauke shi a bakin komai ba ga wanda ba sauri yake yi ba, amma a lokacin tsananin sanyi lamarin ya bambanta, domin ko tsantsar itanol ba ya son kamawa idan ya yi sanyi ƙwarai, ruwa kuma ƙara masa taurin kai yake yi. Na fi ganin dacewar a riƙe sifirit tsantsa a babbar kwalba, a sirka abin da za a yi amfani da shi a wata ƙarama gwargwadon yanayi. Ruwa kuma ba ya gyara aisofurofil, wanda ya saye shi ya yi haƙuri da wanke tukunya.

Sauran kayan rishon sun yi daidai da aikinsu. Murfin rage wuta yana taimakawa wajen dahuwa a hankali, kuma da shi ake kashe wutar. Ba a kashe ta da murfin da ake murɗawa, domin zoben robar da ke cikinsa zai ƙone, daga nan kuma sifirit ya riƙa yoyo. Ana cika kaskon kashi biyu cikin uku ne kawai, ba a kuma ƙara masa sifirit sai ya huce har an iya riƙe shi da hannu, tunda wutar da ido bai gani ba tana iya bin tururi ta koma cikin kwalba.