Kafin ka biya kuɗin saba: wane firam za ka ɗora, kuma wa zai kula da shi?

Wani kawuna da ke sayar da shadda da atamfa a Agege ya kira ni shagonsa wata Asabar, ya miƙo min waya ya ce, "Duba nan, yaro. Na biya kuɗin shekara guda cur, amma mai haɗa shafin ya ce wurin ba zai ɗauki aikinsa ba." Na duba rasit na ce, "Kawu, ai kun kama ɗaki ne tun ba ku auna gadon ba." Kamfanin da ya biya hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, ba ya barin a shiga ta SSH, hanyar ba saba umarni daga nesa. PHP ɗinsu, harshen da shafin ke aiki da shi, kuma tsoho ne, shi kuwa saurayin ya rubuta shafin ne da firam ɗin Laravel. Kuɗin ba su dawo ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace saba zai saya, ni ma tambaya nake mayar masa: da wane firam aka gina shafin? Firam shi ne ƙashin ginin da masu rubuta manhaja suke ɗora aikinsu a kai, don kada su fara komai daga tushe. Kowane firam kuma yana da kayan haɗinsa, wato ƙananan manhajojin da ba ya tashi sai da su, kamar yadda miyar kuka ba ta yiwuwa ba daddawa. Waɗannan kayan haɗin su ne suke yanke hukuncin irin sabar da za ta yi maka.

Uku ne aka fi cin karo da su a nan Legas. Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011, da harshen PHP yake aiki, kuma Composer ne ke kwaso masa kayan haɗi. Laravel 11 da 12 ba sa karɓar PHP da ya gaza 8.2, nan ne kawuna ya faɗa rami. Django ya girme shi, ya fito a 2005 daga ofishin wata jarida a jihar Kansas ta Amurka, da Python yake tafiya, pip ke kawo masa kaya. Abin da nake so da shi, yana zuwa da shafin gudanarwa a haɗe, inda yaron shago zai shigar da sabon kaya da farashi ba sai an gina masa komai ba. Na uku Node.js ne, na 2009, mai tafiyar da harshen JavaScript, galibi tare da firam ɗin Express, npm kuma shi ne ɗan dakonsa.

In shago ne ko makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa, ni Laravel nake nunawa, ba don ya fi sauran kyau ba. Dalilina na kasuwa ne: masu iya PHP sun fi sauƙin samu, daga Yaba har Ikeja, kuma kusan kowane mai ba da hayar saba yana da shi. Ran da wanda ya haɗa maka ya samu aiki a Abuja ya daina ɗaga waya, za ka samu wanda zai ɗora daga inda ya tsaya. Amma ka sani Laravel gaggawa gare shi. Kowace shekara sabo yake fitowa, kuma shekara 2 kacal ake toshe wa kowanne ɓarakar tsaro. Django yana da fitowa ta musamman mai dogon zango da ake kula da ita shekara 3, irin su 4.2 da 5.2. Wanda ba ya son a riƙa taɓa masa shafi kullum, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Node kuwa ya fi dacewa da abin da ke buƙatar saƙo nan take, kamar hira ko bin sawun ɗan aike. Sai dai kayan haɗinsa yawa gare su kamar tsakuwa. A watan Maris na 2016 wani ya janye wata 'yar manhajarsa mai layi 11 da ake kira left-pad daga npm, ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya suka ƙi haɗuwa.

To, sai gidan da za a ajiye shi.

Mafi araha shi ne hayar haɗaka, wadda ake shiga ta cPanel, wani allon maɓallai na sarrafa hayar. Gidan haya ne irin na Mushin, ɗakuna a jere, banɗaki ɗaya, mai gida ke da mukullin mita. Kamfanonin gida suna sayar da ita da naira, ka biya da katinka ko ka tura ta banki, kuma za ka iya kiran mutum ya amsa maka. Ga WordPress, manhajar haɗa shafi da ke zuwa a shirye, ta wadatar. Ga Laravel kuwa, kada ka saki ko kwabo sai ka samu amsar abu huɗu a rubuce: akwai SSH? PHP mai lamba nawa ne, kuma zan iya canzawa da kaina? Composer yana aiki? Za a bar ni in juya ƙofar shafin zuwa jakar public, wadda ita kaɗai ya kamata baƙi su gani? Wannan ta ƙarshen ita ce mai hatsari. Na sha ganin an juye dukan aikin cikin public_html, jakar da ke buɗe wa kowa, fayil ɗin .env yana zaune a fili, alhali a cikinsa kalmar sirrin rumbun bayanai take, har da mukullin Paystack da ake karɓar kuɗin masu saye da shi. Kamar ka rataye mukullin sito a bakin titi ne. Ko an ba ka duka huɗun, akwai abin da gidan haya ba ya yarda da shi, wato aikin da ke gudana dare da rana ba tsayawa, irin layin da ke tura wa masu saye saƙon imel. Django da Node ma wasu suna karɓarsu a cPanel, amma zaman baƙunta ne, ban cika ba da shawararsa ba.

Na biyu shi ne VPS, kuma a nan zan daɗe, don nan ne riba take, nan ne kuma ake kuka. Ana yanka maka wani yanki na babbar kwamfuta a ce naka ne, ba kowa a ciki sai kai. DigitalOcean, Hetzner, Contabo da Lightsail na Amazon duk wannan suke sayarwa. A DigitalOcean mai ram (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 1 yana kamawa kimanin dala 6 a wata. Abin da za a miƙo maka baƙin allo ne kawai da alama tana ƙiftawa. Babu maɓallin dannawa ko ɗaya.

Ka zaɓi Ubuntu, tsarin Linux da zai tafiyar da sabar, mai dogon zango, 24.04 misali, wanda ake kula da shi shekara 5 kuma yake zuwa da PHP 8.3 da Python 3.12 a rumbunsa. Daga nan sai a jera kaya: Nginx a bakin ƙofa yana tarbar baƙi, PHP-FPM a bayansa yana tafiyar da aikin in Laravel ne, ko Gunicorn in Django ne, sai rumbun bayanai, MySQL ko PostgreSQL. Django sai an yi masa keɓaɓɓen ɗaki da venv, don sabon Ubuntu ba ya barin pip ya zuba kaya a tsakar gida. Sai takardar tsaro ta Let's Encrypt, kyauta ce, kwana 90 take yi, Certbot yana sabunta ta da kansa in an saita shi daidai. Kada wani ya caje ka kuɗinta a matsayin kaya na daban.

Wani dare ina Idi-Araba, janareto na ta ruri a waje, na sa npm ya haɗa fuskar wani shafi a kan saba mai gigabait 1. Ya yi ta juyi kusan minti goma, sai kalma ɗaya ta fito a allon: Killed. Ram ne ya cika, Linux ya kashe aikin. Maganin bai fi layi huɗu ba, a yanki gigabait 2 daga faifai a mayar da shi swap, wato ram na aro. Amma wanda bai sani ba zai ɗauka sabar ce ta lalace, ya je ya sayi babba. In da hali, ka fara da gigabait 2 ka huta.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne VPS ba ya zuwa da mai gadi. Kai ne za ka rufe ƙofofi da katangar tsaro ta ufw, ka hana shiga da kalmar sirri sai da mukullin SSH, ka riƙa sabunta tsarin, ka ajiye kwafin rumbun bayanai a wani wurin da ba sabar ba. Don haka dala 6 ba ita ce farashin ba. Farashin shi ne dala 6 da kuɗin mutumin da zai tashi ƙarfe biyun dare in shafi ya faɗi ana jajibirin sallah. In ba ka da wannan mutumin, Laravel Forge yana yin rabin aikin a kan kuɗin wata, amma shi ma da dala.

Na uku su ne irin Render da Railway da Heroku: ka tura aikinka daga GitHub, ma'ajiyar masu rubuta manhaja, su haɗa komai. Daɗi gare su, musamman ga Node da Django. Heroku ya rufe na kyautarsa a Nuwamba 2022, na kyautar Render kuma barci yake yi in an yi minti 15 ba baƙo, sai mai saye ya tsaya jiran ya farka. Sun yi wa ɗalibi da mai gwaji. Shago mai ciniki zai ga kuɗin suna hawa, don rumbun bayanai ma daban ake biya.

Maganar dala kuwa, duk wanda ya ga abin da ya faru da naira tun Yunin 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka gwada katinka ka tabbatar yana biyan kuɗin waje kafin ka ɗora komai, kuma ka lissafa shekara, ba wata ba. Akwai kuma batun nisa. Sabar da ke Landan ko Frankfurt tana amsa wa mai saye a Legas ba tare da ya lura da jinkiri ba, ta Singafo kuwa zai ji a jikinsa. A gida ma akwai manyan ɗakunan ajiye saba, irin Rack Centre a Oregun da MDXi a Lekki. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gabar Afirka ta Yamma, mutane da yawa suka fara tambayar a ina ainihin shafinsu yake kwana. Tambaya ce da ta dace ka yi wa kamfanin gida ma, don wasunsu a Turai suke kama haya su sayar maka da naira.

Ko wanne ka ɗauka, ka sa sunan shafin da asusun sabar su kasance da imel ɗinka, ba na mai haɗawa ba. Ka kuma ce ya damƙa maka aikin tare da fayil ɗin da ke riƙe da lambar kowane kayan haɗi: composer.lock a Laravel, package-lock.json a Node, requirements.txt mai lambobi a Django. Da shi ne wani zai iya tayar da shafin a sabuwar saba ya fito yadda yake.

Kawu dai a ƙarshe VPS mai gigabait 2 muka kama masa a Frankfurt, saurayin yana karɓar ɗan abin wata yana dubawa duk Juma'a bayan masallaci. Tsohuwar hayar da ya riga ya biya kuwa, imel ɗin shago muka bari a kanta har shekarar ta cika.