Lambun Cikin Kwalba a Katsina: Abin Dubawa Kafin Ka Fitar da Kuɗi

Duk mai niyyar raya gansakuka da tsirran daji a cikin gilashi a garin nan, murfi ya kamata ya fara dubawa kafin girman mazubi. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma da hunturu ya kama iska kan bushe har leɓe ya tsage. Ita kuwa gansakuka ba ta da saiwa ta gaske, ta jikinta take shan ruwa. In mazubi yana sakin danshi, nan da nan za ta ƙeƙashe.

Dabarar ta daɗe. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura tsiro ya fito ya rayu a cikin kwalbar da ya rufe. Ruwan ciki kan zama tururi, ya kwanta a jikin gilashi, ya gangaro ya koma ƙasa. Wani Bature a Ingila, David Latimer, ya shuka nasa a 1960, ya ƙara masa ruwa a 1972, ya toshe, ya shafe shekaru da dama bai sake buɗewa ba.

A ganina, mai farawa ya nemi kwalbar gilashi mai faɗin baki, irin wadda ake zuba alawa. In ka je Babbar Kasuwa, zura hannunka ciki ka ga ko zai juya, don da shi za ka yi dashe da gyara. Ɗaga ta sama ka tabbata gilashin garau yake, ba mai launi ba. Murfi mai zoben roba ya fi na ƙarfe zalla, domin danshi na sa na ƙarfe tsatsa.

Akwatin gilashi irin na kifi ya fi kyan gani, ya fi fili, kuma masu aikin alminiyum za su yanka maka daidai awon da kake so. Sai dai yawanci babu murfi, sai ka ce a yanka maka tare. Ka kuma tambayi irin silikon ɗin da za a manna da shi, don na banɗaki galibi yana ɗauke da maganin fumfuna. Na tankin kifi ake so. Robar zuba abinci kuwa araha ce, ta isa gwaji, amma takan karce ta dushe.

Kayan shimfiɗa ba sa cin kuɗi: tsakuwa a ƙasa, gawayin girki da aka daddaka aka wanke, sannan ƙasa mai sauƙi da aka cuɗa da ɗan yashi. Kada a sa takin dabbobi, fumfuna yake jawowa.

Tsirran ne ke son natsuwa. A watan Agusta duba gindin katanga inda rana ba ta kaiwa, ko bakin rijiya. Gansakukar da ake nema ita ce mai laushi kamar karan-miski, wadda in ka matso da ido za ka ga ƙananan ganye a jere. Mai yauƙi da santsi ta bakin kwata ba ita ba ce, ɓata gilashi kawai za ta yi. Ɗebo kaɗan da bakin wuƙa, ka bar saura ya yaɗu, ka kakkaɓe tururuwa. Yawancin ciyayin dajinmu 'yan rana ne, a kwalba sai su miƙe siriri su ruɓe. Balasa takan jure inuwa da danshi, danginsu ma ɗaya da tsiron Latimer, amma tana saurin cika wuri, sai da almakashi a kusa. In saye za ka yi wajen masu furanni, tambayi fitoniya, mai jijiyoyi fari ko ja a ganye, wadda asalinta dazuzzukan Kudancin Amurka ne masu ruwa. Ko an yi maka tayin kaktus da alobera, kada ka karɓa. Danshi ne ajalinsu.

Tari ruwan sama tun da damina ka adana, don na burtsatse kan bar farin tabo a gilashi. Feshi kaɗan ya isa. In raɓa ta rufe gilashin yini guda cur, ruwa ya yi yawa, buɗe murfin ya sha iska.

Babbar barazanar ita ce bazara. A Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma kwalbar da rana ta daka kai tsaye takan dafa abin da ke ciki. Sauke ta ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa in akwai. In ɗakin da duhu, canjin da ya rage maka sayi ƙaramin farin ƙwan LED mai caji, wanda ba ya zafi sosai, ka riƙa kunna mata da rana.