Bayan cire haƙori: ruwan gishiri ko kwalbar kemis?

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki ƙanena, Allah ya sa kaffara ne. Ka tambaya, tunda an cire maka haƙori, da me za ka dinga kurkure baki, ruwan gishiri ko kwalbar kemis. Ruwan gishiri mai ɗumi za ka riƙe. Kwalbar kurkure bakin nan da mai kemis ɗin layinku yake ta yaba maka, bar mashi abinshi a kan kanta, sai fa in likitan da ya yi maka aikin ne ya rubuta da hannunshi, wannan kuma zan zo kanta.

Amma tunda ka ce da safen nan aka yi aikin, har sai da aka tsaga dasashi aka fasa mataunin kafin ya fito, to yau ba gishirin ba kwalbar. Awa 24 na farko ba a kurkure baki da komai. Ramin da haƙori ya bari jini ne ke cika shi ya daskare, gudan jinin nan shi ke rufe ƙashi da jijiya, a ƙarƙashinshi kuma sabon nama ke tsirowa. Kamar ɗanyen yaɓe ne a jikin katanga, in ruwa ya same shi bai sha iska ba zubewa zai yi. Kada ka dinga tofar da yawu da ƙarfi, kada ka zuƙi lemo ko yogot da bututu, kada kuma ka bar harshe yana lalube wurin, duk da na san harshe ba ya jin magana. Yawu mai ɗan ja-ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. In jini ne sosai ya dawo, ka naɗe irin audugar da suka ba ka, ka ɗora a kan ramin ka cije tsawon minti 30, ba tare da kana buɗe baki kana leƙawa a madubi ba. Maganar alwala kuwa, kurkure baki sunna ce a wajen Malikiyya, ba farilla ba, alwalarka ta yi ko ba ka guntsi ruwa ba yau. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi limaminku.

Gobe war haka sai ka fara. Ruwan da aka tafasa ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, kofi ɗaya, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishirin miya. Ba kanwa ba, ba manda ba, kuma kada wani ya ce maka ƙara gishiri ƙara waraka ne, sai dai ƙara raɗaɗi. Ka guntsa, ka karkata kai ɓangaren da aka yi aikin, ka bar ruwan ya kwanta a wurin kamar rabin minti, sannan ka sunkuya ka buɗe baki ya zubo da kanshi. Ba a kumbura kumatu ana wujijjiga shi. Bayan kowane cin abinci da kafin kwanciya, har mako guda. Kada ka haɗiye, musamman in akwai hawan jini.

Ni da aka cire mani nawa, cikin hunturu ne, iskar nan ta Katsina da ke fasa leɓe. Kunci ya yi suntum, baki ba ya buɗuwa sai dai cokali ya kutsa da dabara. Uwargida ta ajiye mani filas da kofin silba da ɗan gwangwanin gishiri a gefen katifa. Ba ta taɓa miƙo mani kofin ba sai ta ɗiga ruwan a bayan hannunta tukuna, yadda take yi wa ruwan wankan jariri. Da asuba ne ciwon ya fi cin rai, lokacin maganin dare ya sake ni. Sai in guntsi ruwan nan in jingina da bango, in ji ɗumin yana ratsa muƙamuƙin da ya ƙage, yana sakin shi kaɗan-kaɗan. Wata rana na zubar a roba sai ga ƙwayar shinkafa guda da ta kwana maƙale a jikin zaren ɗinki, ban ma san tana nan ba. Aikinshi ke nan: ya kwashe guntattakin abinci daga inda buroshi da asuwaki ba su isa su je ba, ya rage wari, ya kwantar da dasashi. Da na koma cire zare, likitan ya haska fitila ya ce wurin tas, in ci gaba da abin da nake yi. Kuɗin da na kashe a kan wannan bai wuce na gawayin tafasa ruwa ba.

Kwalba kuma iri biyu ce, masu kemis ba sa son rarrabe maka. Akwai mai ruwan kore ko shuɗi, mai ƙamshin na'ana'a, wadda don ƙamshin baki aka yi ta. Da yawansu akwai alkohol a ciki, wasu har sama da kashi 20 cikin ɗari, ka ƙiyasta wannan a kan ɗanyen rauni. Irinta aka taɓa sayar mani da kuɗin cefanen yini, tana nan a tagar banɗaki ta yi ƙura.

Ta biyun ita ce wadda za ka ga an rubuta Chlorhexidine a jikinta, kashi 0.12 ko 0.2. Wannan ba zan zalunce ta ba, tana kashe ƙwayoyin cuta, likitocin haƙori suna rubuta ta bayan aiki mai wuya irin naka. In an rubuta maka, yi amfani da ita yadda aka ce, ka bar rabin awa tsakaninta da man goge baki. Sai dai ga ɗaci, ga dusashe ɗanɗanon abinci, kuma in ta daɗe a baki tana rina haƙora su yi ruwan ƙasa, balle kai da ba ka rabo da teburin mai shayi. Ba a wuce mako biyu da ita sai da izinin likita. In ba a rubuta maka ba, ba ka yi asarar komai ba.

Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne gudan jinin nan ya fita. An fi samun haka a mataunan ƙarshe na ƙasa, kuma an fi samu ga masu shan sigari. Alamarshi ba ta ɓuya: maimakon ciwo ya dinga sauka, sai wajen kwana na uku ko na huɗu ya taso sabo, yana zuga har cikin kunne da gefen kai, baki yana wari, in ka duba ka ga ramin fayau. Wannan ba gishiri ba kwalba, komawa wajen likita ne ya wanke ramin ya cusa magani, yawanci a ranar za ka ji sauƙi. Maganin da suke cusawa ƙamshin kanumfari yake, don akwai sinadarinshi a ciki, amma wannan ba hujja ba ce ka daka kanumfari ka ɗura a ramin ko ka ɗiga manshi, ƙona dasashi yake yi. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. Goro ma haka, ɓarɓashinshi ramin yake nufa.

Kumburi kada ya firgita ka, a kwana na biyu zuwa na uku yake kai maƙura sannan ya fara sacewa. Yau ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka dinga ɗorawa a kunci minti 15 kana hutawa, ka kwana da filo biyu. Ci kuwa: kunun gyaɗa ko koko da ya huce, fura da nono an dama ta yi laushi, tuwon shinkafa da miyar kuka ba yaji, ƙwai, ayaba, kana taunawa ta ɗaya ɓangaren. Dambu, kilishi, ƙuli-ƙuli, aya da rake su jira ka.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don nan ne ake cutar mutane. Mai ciwon haƙori ba ya ciniki, masu sayar da magani kuma sun san da haka. Kada ka karɓi haɗin nan da ake ƙulla maka a leda, ƙwaya huɗu biyar ba kwali ba suna. Sau da yawa akwai asfirin a ciki, shi kuwa tsinka jini yake yi, ramin ya yi ta tsiyaya. Wani ma tiramol zai jefa maka, ka ji daɗi ka dawo gobe, daga nan an samu kwastoma. In ka miƙa takardar likita aka ce maka "babu wannan amma ga ɗan'uwanshi", karɓi takardarka ka yi gaba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in maganin kashe ƙwayoyin cuta ne mai wurin kankarewa a kwali, ka kankare ka tura lambar da ta fito ta saƙon waya don tantance ingancinshi kafin ka biya. Kafson kashe ƙwayoyin cuta kuma ba a sayen guda biyu a sha a daina, in an rubuta maka ka shanye duka, in ba a rubuta ba kada ka rubuta wa kanka. Masu lasifikar nan na tasha da bakin kasuwa da ke turara maka hayaƙi su nuna maka tsutsa a cikin ruwa, babu wata tsutsa a haƙori, balle a inda haƙorin ma ba ya nan. Farasitamol da ibufurofen sun ishi yawancin mutane. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, ibufurofen kuma bayan an ci abinci, mai olsa ko ciwon ƙoda ya bar shi sai ya ji daga likita.

In leɓenka na ƙasa ko gefen harshe bai farfaɗo daga allurar kashe zafin da aka yi maka ba har gobe, ka gaya wa wanda ya yi maka aikin. In kuma kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, ko zazzaɓi ya rufe ka, ko haɗiyar yawu da numfashi suka fara wuya, ko jini ya ƙi tsayawa bayan ka cije auduga, kada a jira gari ya waye. A sa ka a mota zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina, duk wanda ya fi kusa da ku, a tafi da takardar maganin da kwalayen duk abin da ka sha.